Bas ɗina yana ɓacewa a waya: in sayi Serum ko lasifikar studiyo?

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa kiɗa a manhajar FL Studio, kuma abin da nake son ƙwarewa a kai shi ne bas mai kaɗawa irin na dubstep, wanda ake ji yana buɗewa yana rufewa daidai da bugun kiɗa. Ina aiki a kan bugu 140 a minti, na ɗora LFO (abin da ke murɗa maɓallin sauti gaba da baya da kansa) a kan filta (matatar sauti), kuma a hedifon sautin yana fitowa da kauri yadda nake so. Amma duk wanda na tura wa ya saurara a waya sai ya ce babu bas ko kaɗan, a babbar lasifika kuwa sai ya koma gurnani, kik ɗin (bugun babbar ganga) ma ya nutse a ciki. Kuɗin da na tara ba za su isa abu biyu ba. Shin in sayi Serum, wato manhajar ƙirƙirar sauti, ko in sayi lasifikar studiyo in ci gaba da manhajojin da nake da su?

Mai Maɓalli: Wa alaikumus salam. Ka sayi Serum kawai, domin da shi manyan masu wannan kiɗa suke aiki tun fitowarsa a 2014. Dala 189 ne, kuma ba za ka yi nadama ba.

Malam na Studiyo: Ƙanina, matsalar da ka bayyana ba ta manhaja ba ce, ta tsarin sauti ce. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sautin da ke can ƙasa, wajen 40 zuwa 60 Hz (yawan girgizar sauti a daƙiƙa), inda nauyin bas ɗinka yake zaune, saboda haka duk lokacin da filtarka ta rufe ta bar wannan ƙasan kaɗai, mai waya ba ya jin komai. Abin da nake yi shi ne raba bas gida biyu. Na farko tsantsar sine ne (sauti mai santsi, marar kaushi), a mono (iri ɗaya a hagu da dama), ba LFO a kansa, shi ke riƙe nauyi. Na biyu shi ne mai kaɗawar, wanda nake yanke masa duk abin da ke ƙasa da kusan 100 Hz, in ƙara masa ɗan kaushi da distoshan domin ya haifar da sautuka na sama waɗanda waya za ta iya fitarwa. Sannan LFO ɗin ka ɗaure shi da bugun kiɗa: a 140, kashi 1/4 yana zagayawa sau 2.33 a daƙiƙa, 1/8 kuma sau 4.67, kuma daɗin kaɗawar yana fitowa ne idan kana sauya tsakaninsu da mai uku-uku a cikin jimla ɗaya ta kiɗa. Nutsewar kik kuma maganinta kwamfresa ce da za ta riƙa danne bas a duk bugun kik. Ban da danne bas a bugun kik, duk wannan manhajar Vital ta kyauta, wadda Matt Tytel ya fitar a 2020, za ta yi maka shi.

Bawan Allah: Ni dai gargaɗi nake da shi. Lokacin da na shiga irin wannan hali na rashin kuɗi, sai na je wani shago aka saka mini kwafin sata na manhajar a kwamfuta. Na ɗauki lokaci mai tsawo ina gina sautukana, har na samu wani bas da na yi alfahari da shi, mai sawtooth (sauti mai kaushi) biyu da na ɗan saɓa musu murya suna rigima da juna. Wani mawaƙi ya ji, ya ba ni kuɗin somin aiki na waƙoƙi da dama. Ana gab da miƙa aikin sai kwamfutar ta fara daskarewa, daga baya ta ƙi tashi, mai gyara ya ce ƙwayar cuta ta shigo tare da abin da aka saka mini. Aikin ya tafi gaba ɗaya, na mayar da kuɗin mutum da bashi, kuma har yau ba ya ɗaga wayata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sautin nan, domin na sha zama in sake gina shi amma bai taɓa dawowa yadda yake ba.

Hajiyar Kiɗa: Allah ya mayar maka da alheri, ɗan uwa. Irin bas ɗin da ka bayyana shi ake kira Reese, da sunan da Kevin Saunderson na Detroit ya yi amfani da shi a ƙarshen shekarun 1980. Mai yiwuwa abin da ya hana shi dawowa shi ne tazarar saɓanin muryoyin biyu, domin ita ce ke tsara saurin bugawar, kuma saurin yana ƙaruwa idan ka hau maɓalli na sama. Game da farashi kuma, dala 189 tsohon labari ne. Tun da Serum 2 ya fito a 2025 farashin ya koma dala 249.

Mai Maɓalli: Hajiya, ni abin da na biya na faɗa. Kuma ai ba dole ne a biya a dunƙule ba, ana iya biyan dala 9.99 duk wata ta kamfanin Splice har ya zama naka.

Ɗan Sabon Gari: Duk wanda ke ba da shawarar manhajar kyauta, ya nuna mana waƙarsa da aka taɓa sakawa a babban taro tukuna. Ni lasifika na saya, kuma ranar ce na fara jin ainihin abin da nake haɗawa.

Malam na Studiyo: Ba yawan taro ke tabbatar da magana ba, ɗan uwa, lissafi ne. Tsawon zangon sautin 55 Hz ya haura mita 6, wato ya fi tsawon yawancin ɗakunan da muke aiki a ciki. A irin wannan ɗaki bas yana taruwa a kusurwa ya ɓace a tsakiya, sai mutum ya yi ta ƙara abin da ba ya buƙatar ƙari. Ga shi kuma yawancin lasifikun inci 5 ba sa sauka sosai ƙasa da 50 Hz. Lasifika ba tare da gyaran ɗaki ba tana iya ɓatar da shi fiye da hedifon.

Na Goma: Maƙwabcina ne ma'aunin bas ɗina. Idan ya zo ya buga ƙofa, to ƙasan ya zauna daidai, kuma bai taɓa karɓar ko sisi ba.

Bawan Allah: Ko ya yanke shawarar sayen na halal ɗin, da wane kati zai biya? Na gwada biyan kuɗin wata-wata da katin naira aka ƙi karɓa, sai da na bi ta hannun wani da ya ɗora mini riba mai yawa a kan kowace dala. Wannan ne ke tura yara shagon da ya halaka ni.

Hajiyar Kiɗa: Kuma bayan duk wannan wahala, mawaƙi zai saurari aikin a lasifikar waya ya ce a ƙara bas, ka ƙara har sauti ya fashe, sannan ya riƙe ragowar kuɗinka da hujjar cewa kiɗan bai yi nauyi ba. Ni yanzu ba na tura cikakken aiki sai an cika mini kuɗi.

Ɗan Kawo: Na gode muku duka. Malam, na raba bas ɗin gida biyu kamar yadda ka ce, yanzu ana jin kaɗawar a waya, amma a babbar lasifika har yanzu wasu maɓallan sun fi wasu ƙarfi. Shin ɗakin ne ko sine ɗin?

Ɗan Sabon Gari: Hajiya, wannan tsari naki ba zai yiwu ga mai farawa ba. Idan ya ce sai an cika masa kuɗi kafin ya tura aiki, mawaƙin zai koma wurin wanda zai yi masa a rabin farashi, kuma irin waɗannan masu karya farashin su ne ya kamata mu tattauna a kansu.