Wani fim ya hana ni barci, ina neman ra'ayinku

Baban Ummi, Pantami, Gombe:

Salamu alaikum. Ina da tambaya, amma ku yi haƙuri sai na ɗan yi shimfiɗa.

Shekaranjiya na kai wayata wurin yaron da ke tura mini finafinai a bakin Babbar Kasuwa, na ce ya zuba mini na faɗa. Cikin abin da ya zuba har da wani na Turawa, ba fassara, da ɗan Turancina na lallaɓa na bi shi. Labarin wani magidanci ne da ya doshi hamsin, aka sallame shi daga aiki ya ɓoye wa matarsa. Kullum da safe sai ya shirya ya fita kamar mai zuwa ofis, ya je ya wuni cikin mota. Bashi ya yi masa katutu, har ta kai shi ga kwana da mata masu kuɗi suna biyansa.

Wallahi ba wannan ɓangaren ya tsaya mini a rai ba. Akwai inda ya kulle kansa a banɗaki yana shafa wa furfurarsa baƙin rini, yana shanye tumbi a gaban madubi, ɗiyarsa na buga ƙofa za ta makara makaranta. Nan na ajiye wayar. Shekarata 47. Da aka rage ma'aikata a inda nake aiki, sai da na sayi irin wannan rinin kafin na je neman aikin sito, don an ce matasa suke so. Ya ɓata mini wuyan farar shaddata, aikin kuma ban samu ba. Yanzu Keke Napep nake ja, na wani ne, kullum sai na kai balas. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ban sake sanin me ake kira ajiya ba.

To laifi ne da na tausaya wa mutumin nan? Kuma me ya hana 'yan Kannywood su taɓa irin wannan labari?

Abu Hafsa, Wunti, Bauchi:

Wa alaikumus salam. Allah ya buɗa maka, Malam. Amma zina zina ce, ko mace aka biya ko namiji. Kai da talaucin ya taɓa ai Keke ka kama, ba otal ka nufa ba. Haka masu fim suke, su jera maka uzuri har ka ji haram ta yi sauƙi. Ka goge shi kafin yara su ɗauki wayar.

Maman Walida, Tumfure, Gombe:

Baban Ummi, ba laifi ka tausaya masa, amma bari in ɗan tsokane ka. Finafinai nawa ka kalla aka nuna bazawara ta faɗa bariki saboda haya da bakin marayu? Akwai wanda ya hana ka barci? Ita sunanta karuwa, an gama magana. Shi kuwa namiji ko suna ba mu yi masa ba, iyaka a ce mijin Hajiya, a yi dariya, duk da shi mijin Hajiya da aure ne.

Batun ɓoye wa mata kuwa, ku maza kuna ba ni mamaki. Maigidana ya yi wata biyu yana fita ƙarfe bakwai bayan an sallame shi. A mako na farko na gane. Ya daina ƙorafin ogansa, sannan yana dawowa da yunwa irin ta wanda bai ci komai ba tun safe. Ban ce uffan ba. Na sayar da 'yan kunnena na gwal, na ce masa adashi na ɗauka. Yana yi mini ƙarya ina yi masa, muna cin tuwo kwano ɗaya. Har yau ba mu taɓa zancen ba.

Ɗan Kyamara, Yelwa, Bauchi:

Na ɗan riƙe kyamara a Kano, bari in amsa ta biyun. Tun 2001 Kano ke da Hukumar Tace Finafinai, kuma a fim ɗinmu namiji ko hannun mace ba ya riƙewa. Amma wannan ba shi ne babban cikas ba, don labarin ba ya buƙatar gado. Ka nuna shi yana sauka daga Keke a ƙofar wani gida a GRA, maigadi ya rufe get, da asuba ya shigo da ledar nama yara na murna shi ya kasa ci. Kowa ya gane.

Matsalar ita ce wa zai hau rol ɗin. Mutanenmu ba sa raba jarumi da abin da ya fito a kai, a kasuwa za a riƙa kiransa da sunan, surukansa su ji. Furodusa kuma ba zai zuba kuɗinsa a abin da za a yi huɗuba a kansa ranar Juma'a ba. Shi ya sa magidancin da ya karye sai dai ya fito a barkwanci, mai bashi na binsa yana haura katanga.

Baban Ummi, Pantami, Gombe:

Abu Hafsa, na goge, na gode da nasiha. Maman Walida, kin kama ni, ba ni da ta cewa. Sai dai kin jefa ni wani tunanin. Lokacin da na rasa aikin nan uwargida ta ce mini ta kai keken ɗinkinta gyara Jekadafari. Shekara biyu ke nan bai dawo ba.