Shawarar masu ɗaukar hoto a Kaduna kan komawa Linux

A tattaunawar masu ɗaukar hoto a Kaduna, mafi yawansu sun goyi bayan komawa Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, domin kyauta ce, kowa yana iya duba yadda aka rubuta ta, kuma tana farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, musamman tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025. Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin wata-wata na Photoshop, manhajar gyaran hoto. Madadinta GIMP ce, wadda ke goge tabon fuska a hoton amarya, amma a ganina darktable ta fi cancantar yabo, domin tana gyara hasken ɗanyen hoto, wato hoto yadda kyamara ta ɗauke shi kafin a sarrafa shi, ba tare da taɓa asalinsa ba. An shawarci sabon shiga ya fara gwada Linux Mint, wani nau'in Linux, daga filas kafin ya ɗora ta a kwamfutarsa.