Rimot ɗin jirgina ya ƙi ɗaukar caji, ina ya kamata in fara dubawa?

Sabon Matuƙi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka riga ni shiga wannan harka a kan matsalar da ta hana ni tashin ƙaramin jirgin samana da ake sarrafawa da rimot mako uku ke nan. Na sayi tsohon rimot na hannu, irin mai ɗaukar ƙwayoyin batir takwas, wato bolt 9.6, kuma ya zo da tsohon ƙunshin batirin caji nau'in NiCd mai mAh 600 (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) wanda ya riga ya mutu, har farin gari ya fito a bakin ƙwayoyinsa. Na cire shi na sa ƙwayoyin batirin caji nau'in NiMH guda takwas masu mAh 2000 a cikin gidan batir mai sifirin, na kuma yi amfani da tsohuwar wayar da ke jikin ƙunshin farko domin filoginta ne ya dace da rimot ɗin.

Cajar bango da ta zo da shi ta ƙone a ranar farko, kuma kuskurena ne, domin ban karanta jikinta ba sai bayan da ta yi hayaƙi na ga an rubuta bolt 120, alhali wutarmu bolt 230 ce. Wani abokina ya ara mini tasa, bakinta ya shiga kafar cajin daidai, amma 'yar fitilarta ba ta kamawa, kuma na bar ta a jone tun daga isha'i har asuba ba tare da adadin da ke kan allon rimot ya motsa ba. Na gwada babbar cajata mai kwamfuta ta wannan kafar, sai ta yi ƙara ta nuna cewa babu batir a haɗe. Daga ƙarshe na ciro ƙwayoyin na caja su huɗu-huɗu a ƙaramar caja ta gida. Da na mayar da su allon ya nuna 10.8, amma kafin minti ashirin ya gangaro zuwa 8.5 har ƙararrawar gargaɗi ta fara kuka.

Shin ƙwayoyin ne jabu, ko kuwa wani abu ya ƙone a cikin rimot ɗin lokacin da caja ta farko ta lalace? Ba na son in sayi wani batir alhali ciwon yana wani wuri dabam.

Tsohon Mai Gyaran Rediyo ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi daidai da ba ka yi gaggawar sayen wani batir ba, domin abin da ka bayyana ya fi kama da matsaloli biyu ko uku da suka haɗu a wuri ɗaya, kuma kowace tana da hanyar gane ta idan kana da mitar awon wuta.

Ka fara da cajar da aka ara maka. Shigar baki a kafa ba ya nuna cewa caja ta dace, saboda kamfanonin da suka yi waɗannan tsofaffin rimot ba su bi tsari ɗaya ba wajen jera wayoyin kafar caji. A wurin Futaba tsinken tsakiya shi ne fozitif, a wurin JR kuwa tsinken tsakiya shi ne negetif, kuma tsofaffin Spektrum irin su DX7 na farko tsarin JR suka bi. Idan ka duba kusa da kafar ko a cikin littafin rimot ɗin, sau da yawa za ka ga ɗan zane mai nuna wane ɓangare ne a tsakiya. Ka jona cajar a wuta, ka sa jan tsinken mita a cikin ramin bakinta, baƙin kuma a jikin ƙarfen waje. Idan mita ta nuna adadi da alamar ɗebewa a gabansa, to tsakiyar negetif ce. Kada ka damu idan adadin ya haura bolt 12 ko fiye, haka irin waɗannan cajoji suke nunawa idan babu batir a haɗe da su. Ita kuma 'yar fitilar, a yawancinsu ba ta kamawa sai wuta tana wucewa zuwa batir, don haka rashin kamawarta shaida ce cewa ko ɗigo bai shiga ba a daren nan da ka bar ta.

Na biyu, ka tabbata rimot ɗin a kashe yake lokacin caji, domin a yawancin tsofaffin nan makunnin ne ke haɗa kafar caji da batir, kuma ba ya haɗa su sai yana kashe.

Game da babbar cajarka, ina ganin babu abin da ya ƙone. Rimot da yawa na wancan zamani suna da dayod a tsakanin kafar caji da batir, wanda ke barin wuta ta shiga amma ba ya barin ta fito. Cajar kwamfuta kuwa tana fara auna ƙarfin batir kafin ta saki wuta, kuma idan dayod ya tare hanya ba za ta ga komai ba, sai ta ce babu batir. In har zatona ya yi daidai, wannan dayod ɗin ne ya kare maka rimot lokacin da ka jona caja mai juyayyen baki. A wasu rimot da ba su da shi, fis ne ke yankewa, wani lokaci ma siririn layin tagulla da ke kan allon ciki ya ƙone. Za ka ji wasu suna ba da shawarar a tsallake dayod ɗin da guntuwar waya. Ni ba na goyon bayan haka ga wanda ya fara, saboda layukan da ke bayan kafar an yi su ne don ƙaramar wuta, kuma da zarar an cire kariyar, kuskure ɗaya ya isa ya jawo asara.

Mai Lissafi ya amsa:

Ina ƙara wani abu a kan bayanin Baba Mai Gyaran Rediyo, domin ko ka samu cajar bango mai daidaitaccen baki, akwai lissafin da ya kamata ka sani tun yanzu. Waɗannan cajoji suna ba da wuta kaɗan ce, tsakanin mA 50 da 70 (mA ma'aunin wutar da ke wucewa ne, mA 1000 su ne amfiya 1), saboda an yi su ne don ƙunshin NiCd mai mAh 500 zuwa 700. Ƙa'idar ita ce a ba batir kashi ɗaya cikin goma na abin da yake ɗauka, a bar shi awa 14 zuwa 16, tunda wani kaso na wutar yana tafiya a zafi. Ka raba 2000 da 60, za ka samu awa 33 da 'yan mintoci, idan ka ƙara abin da ke salwanta kuma sai ya kai wajen awa 46. Ke nan kusan kwana biyu a jone, kuma mu da ake ɗauke mana wuta a tsakar dare mun san cewa abin da mutum ya ɗauka cajin dare ɗaya ne yana iya zama na awa biyar ko shida kacal. Mutane da yawa sun zubar da batura masu lafiya saboda wannan, suna zaton ba sa riƙe caji, alhali ba a taɓa cika su ba.

Abin da ya fi shi ne ka riƙa ciro batir daga rimot kana caja shi kai tsaye da babbar cajarka, ka zaɓi tsarin NiMH, ka sa amfiya 1. Cajar tana gane cewa batir ya cika ne ta hanyar ɗan saukar ƙarfi da ke faruwa a ƙarshen caji, wanda a NiMH bai wuce 'yan milibolt a kowace ƙwaya ba. Idan wutar ta yi ƙanƙanta sosai wannan saukar ba ta fitowa fili, sai caja ta wuce ta ci gaba da dafa batir. Sai dai gidan batir mai sifirin yana iya yaudarar caja, domin ɗan motsi a bakin sifirin yakan sa ta zaci an cika ta tsaya da wuri. Shi ya sa nake ganin ƙunshin da aka haɗa ƙwayoyinsa da walda ya fi aminci, musamman ga abin da zai riƙe jirgi a sama. Ka riƙa taɓa batir yayin caji, ɗumi a ƙarshe ba laifi ba ne, amma idan ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa ka cire shi nan take, kuma a lokacin bazara ka nemi wuri mai inuwa da iska.

Ɗan Fili ya amsa:

Malam, idan ka gaji da wannan duka akwai hanyar komawa batirin lithium, amma ka zaɓa da hankali. Ƙunshin LiFe mai ƙwaya uku yana ba da bolt 9.9, yana kaiwa 10.8 idan ya cika, don haka ya yi kusa da abin da rimot ɗinka ya saba da shi. LiPo mai ƙwaya uku kuwa yana kaiwa 12.6, wanda zai iya zafafa kayan cikin wasu tsofaffin rimot, sannan ƙararrawarka da ke kuka a 8.5 za ta makara, tunda a lokacin kowace ƙwaya ta riga ta sauka ƙasa da bolt 3. Duk wanda ka zaɓa a cikinsu, kada ka taɓa caja shi ta kafar rimot da cajar bango ta NiCd, domin ita ba ta san tsayawa ba, kuma lithium da aka wuce masa iyaka yana iya kama wuta. Ni na toshe kafar tawa da salatif don kada wani a gida ya jona ta bisa kuskure.

Tsohon Mai Gyaran Rediyo ya sake amsa:

Bayanan nan biyu gaskiya ne, amma ina so mu koma kan abu ɗaya da har yanzu ba a amsa ba. Ƙanenmu ya ce ya caja ƙwayoyin a waje, suka nuna 10.8, sannan suka faɗi cikin minti ashirin. Tsohon rimot irin wannan yana jan abin da bai wuce mA 150 zuwa 250 ba, don haka cikakken batir mai mAh 2000 ya kamata ya yi awoyi da yawa. Juyayyen baki da dayod ba su bayyana wannan faɗuwar ba, kuma idan ya sa LiFe a kan hanyar da ke da ciwo, matsalar za ta biyo shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsohuwar wayar da ya ce ya ciro daga mataccen NiCd mai farin gari. Akwai wata tsatsa da ke kama wayar negetif a tsofaffin ƙunshin NiCd, tana farawa daga bakin batir ta bi cikin roba har zuwa filogi, wani lokaci har makunni. Daga waje wayar tana nan sumul, amma idan ka feɗe robar za ka tarar da zaren tagullar ya yi baƙi ya bushe, yana karyewa, kuma ba ya karɓar dalma komai zafin ƙarfen. Irin wannan waya tana nuna cikakken adadi idan ba a jan wuta ta cikinta, sai an kunna rimot ta fara cinye wuta.

Ga yadda za ka gwada, ƙanena. Ka kunna rimot da eriyarsa a miƙe, domin barin tsohon rimot a kunne da eriya a naɗe yana zafafa sashen da ke aika sigina. Ka auna ƙarfi a bakin gidan batir, sannan ka auna a inda filogi ya shiga allon ciki. Bambancin bai kamata ya wuce ɗan ƙanƙanin abu ba. Bayan haka, rimot yana kunne, ka auna ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyu za su tsaya kusa da juna a wajen 1.2 zuwa 1.3, wadda ta sauka ƙasa da sauran sosai kuwa ita ce mai jan ƙunshin ƙasa. Ka kuma murza kowace ƙwaya a mazauninta kana kallon allo, idan adadin yana tsalle to sifirin ɗin ya saki ko ya yi tsatsa.

Sabon Matuƙi ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bi matakan nan jiya da yamma, kuma ga abin da na samu. Cajar abokina tsakiyarta negetif ce, zanen da ke bayan rimot ɗina kuwa ya nuna tsakiya fozitif, don haka na mayar masa da ita. Da na buɗe bayan rimot na ga dayod ɗin a kusa da kafar caji kamar yadda Baba ya faɗa, na auna shi da mita yana wuce wuta ta gefe ɗaya kawai, na bar shi yadda yake.

A gwajin ƙarshe ne abin ya fito fili. Rimot yana kunne, bakin gidan batir ya nuna 10.3, amma a wurin filogi 9.5 na gani, kuma da na lanƙwasa baƙar wayar da yatsa sai adadin ya ƙara faɗuwa. Na feɗe ta da reza, tun daga farko har ƙarshe zaren baƙi ne ƙirin kamar an shafa masa gawayi, jar wayar kuwa tagullarta tana ƙyalli. Na yanke duka na sa sabuwar waya da sabon filogi, na duba wayoyin makunni ban ga baƙin ya kai can ba. Ƙwayoyin takwas duka suna tsakanin 1.27 da 1.30. Na caja su kai tsaye a amfiya 1, na sauke cajinsu da babbar caja don in ga abin da suke riƙewa, ta nuna mAh 1850. Yau da safe na bar rimot a kunne awa biyu cur, allon bai sauka ƙasa da 9.9 ba.

Sifirin ɗaya yana ɗan motsa adadin idan na murza ƙwayar da ke kansa, saboda haka ba zan tashi jirgi da wannan gidan batir ba. Na ba da saƙon ƙunshi mai walda, kuma idan ya iso zan gwada nisan da siginar rimot ke kaiwa, jirgin yana ƙasa tukuna, kafin ranar Asabar. Baba, tambaya ɗaya ta rage mini: shin ya kamata in canja makunnin ma tunda tsatsar ta zo kusa da shi, ko in bar shi in riƙa auna shi lokaci-lokaci?