Dokokin adaidaita sahu a Kano: tsaro aka nema ko kuɗin shiga?

Dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, Gwale:
Assalamu alaikum. Jiya a majalisarmu wani ya ce duk dokokin da aka riƙa kafa wa masu adaidaita sahu neman kuɗi ne kawai. Ni ban yarda ba. Duk wanda ya zauna a Kano a Janairun 2013 ya san halin da muka shiga. Ranar 19 ga watan aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero hari kusa da Masallacin Murtala, aka kashe direbansa da wasu dogarai. Kwanaki kaɗan bayan haka aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni. Rajista da lambar da aka ɗora wa adaidaita daga baya, da hana su fita daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a Yulin 2022, duk manufarsu ɗaya: a san wanda ke ɗauke da 'ya'yanmu da matanmu.

Direban adaidaita, Kurna:
Wa'alaikumus salam, Baba. Maganar 2013 ba zan ja da ku ba. Acaɓa nake yi a lokacin, na sayar da babur ɗina a wulaƙance, na karɓi keken adaidaita a hannun wani ina kai masa balas kullum. Mun haƙura, don rai ya fi sana'a.

Amma naira 100 ta kullum da aka sa mana a 2021 fa? Ba ɗarin ce ta fi ci mana rai ba, biyan ta ne. An ce sai ta Remita, wato tsarin biyan kuɗi ta intanet. Yawancinmu ƙaramar waya muke riƙewa, sai ka ajiye keke ka bi layi a shagon mai kwamfuta, ka biya shi ladan aikinsa, lokacin da 'yan makaranta da 'yan kasuwa ke tsaye bakin titi. Shi ya kai mu yajin aiki a Fabrairun shekarar. Janairun 2022 kuma aka ce naira 8,000 ta sabunta takardar izini. Muka sake ajiye kekuna, garin ya koma tafiyar ƙafa, aka zauna aka rage zuwa 5,000. Baba, idan kuɗin tsaro ne, yaya aka yi cinikinsa? Na san ana rage farashin kaya, ban san ana rage farashin tsaro ba.

Malamar firamare, Hotoro:
Malam direba, ka faɗi naka, bari in faɗi nawa. Bayan magariba na tare keke zan koma gida. Mutum ɗaya na baya, ɗaya kusa da direba. Muna shiga wurin da ba fitila na kusa da ni ya ɗora mini wuƙa a cinya, bai ɗaga murya ba, ya ce “Hajiya, wayar.” Suka sauke ni. Na juya in karanta lambar da ke jikin keken, sai na ga an shafe ta da taɓo. Da lambar ba ta da amfani, da ba su ɓata lokaci sun rufe ta ba. Don haka ni ina bayan rajista, kome kuɗinta.

Direban adaidaita, Kurna:
Allah ya mayar miki da alheri, Malama. Waɗannan ba 'yan'uwanmu ba ne, mu ma suna ƙwace mana kekuna. Amma ki lura, da magariba aka yi miki, ba ƙarfe 10 ba.

Unguwarzoma, Rijiyar Lemo:
Nan nake so a tsaya. Naƙuda ba ta san ƙarfe 10 ba. Watannin farko na dokar daren, an buga mini ƙofa wajen ƙarfe ɗaya, yarinya ce haihuwar fari, jini ya ɓalle. A layinmu akwai kekuna uku a ajiye, masu su duk sun farka, amma kowa na tsoron a kama shi a ci shi tara, keken kuma ba nasa ba. Sai da mijinta ya yi ta buga gidaje har aka samu mai mota a layi na huɗu. Ina riƙe da kanta a cinyata, zanina ya jiƙe sharkaf. Allah ya sa ta rayu. Wanda ke da mota a gida wannan doka ba ta taɓa shi ba ko kaɗan, mu ta taɓa.

Ɗalibin shari'a, Kabuga:
Iyayena, ku ba ni dama. Muna haɗa abubuwa biyu. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, an kafa ta a 2012, zamanin Kwankwaso, da dokar majalisa. Hanin dare kuwa sanarwa ce da ta fito bayan taron tsaro a zamanin Ganduje. Da ta bi ta majalisa aka kira jin ra'ayin jama'a, irin Hajiya unguwarzoma za ta tashi ta ce a ware masu kai marar lafiya asibiti. Ku tuna Nuwamban 2022 da aka hana adaidaita bin wasu manyan tituna, kamar hanyar Gwarzo daga Tal'udu, ba a je ko'ina ba aka janye saboda koken jama'a. Sannan sashe na 120 na tsarin mulkin 1999 ya ce kuɗin shigar jiha asusu ɗaya suke shiga, sai kasafi ya fitar da su, in ba wata doka ce ta ware musu asusu na daban ba. Wato sunan tsaro da aka kira lokacin karɓa bai ɗaure kuɗin ga tsaro ba.

Dattijo, Gwale:
Ɗana, na karɓi gyaranka a kan majalisa. Labarin Hajiya ma ya taɓa ni, ya kamata a ce an bar ƙofa ga marasa lafiya. Amma haraji ba zalunci ba ne don kawai sunansa haraji. Titin da kuke bi da gadojin Ƙofar Nasarawa da Dangi ba da addu'a kaɗai aka gina su ba. Mai shago a kasuwar Kwari yana biya, mu ma an cire mana a albashi shekara 35.

Direban adaidaita, Kurna:
Ban ce kar mu biya ba, Baba. Rasit ɗina suna nan a leda ƙarƙashin kujera. Abin da nake nema, inda aka tare Malama a sa fitila, kuma idan fasinja ta kawo lambar keke, a buɗe littafi a fito da mai shi a ranar.

Malamar firamare, Hotoro:
Har yanzu wurin ba fitila. Jiya ma na sauka kafin a kai nan, na ƙarasa da ƙafa ta cikin unguwa.