Tikitin Cape Verde na kofin duniya: guminsu ne ko aron Turai? (Hirar da aka yi kafin a fara gasar 2026)

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar 13 ga Oktoban 2025 da Cape Verde ta ci Eswatini 3-0 a birnin Praia ta samu gurbi a gasar kofin duniya ta 2026, ake ta kambama su, wai ƙasar tsibirai da mutanenta rabin miliyan ne da ɗoriya ta yi abin da ya gagari Najeriya da Kamaru. Ni ban yarda ba. Ƙwallon Turai ce aka aro aka sa wa rigar Cape Verde. Dailon Livramento da ya ci ƙwallon farko a ranar, a Rotterdam aka haife shi. Willy Semedo mai ta biyu, haihuwar Faransa ne. Roberto Lopes da ke tsare musu baya kuwa ɗan Dublin ne, ta shafin neman aiki na LinkedIn kocinsu na da, Rui Águas, ya nemo shi, kuma bai ma amsa saƙon farko ba saboda da harshen Fotugal aka rubuta, ba ya ji. To me tsibiran suka shuka da za a ce sun girba?

Nura: Wa alaikumus salam. Malam, ka lissafa ƙwallo biyu ka tsaya. Ta ukun fa? Stopira ne ya ci, haifaffen Praia. Shi ne wanda ya farke mana ƙwallon Osimhen a Legas a Nuwamban 2021 aka tashi 1-1. Kyaftin ɗinsu Ryan Mendes, wanda ya fi kowa buga musu wasa ya kuma fi kowa ci musu ƙwallo, a tsibirin São Vicente aka haife shi, daga gida ya tafi Le Havre sannan Lille. Gola Vozinha ɗan Mindelo ne. Kocin ma, Bubista, ɗan tsibirin Boa Vista ne, ya yi musu kyaftin a zamaninsa, yana riƙe da su tun 2020. Ƙashin bayan tawagar na gida ne.

Sadiƙu: Yaya Nura, ni ina bayan Malam ta wata fuskar. In ba don an faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 48 ba, aka ba Afirka gurbi 9 kai tsaye maimakon 5, da ko sun zo na ɗaya a rukuni sai sun sake karawa da wata babbar ƙasa gida da waje. Sa'a ce ta same su a daidai lokaci.

Hajiya Rabi: Sadiƙu ƙanena, karawa gida da waje da babbar ƙasa ai sun taɓa yi. A 2012 aka haɗa su da Kamaru don neman gurbin kofin Afirka na 2013. Suka ci 2-0 a Praia, aka ci su 2-1 a Yawunde, suka wuce suka bar su Samuel Eto'o a gida. Kocinsu a lokacin, Lúcio Antunes, ma'aikacin filin jirgin sama ne a tsibirin Sal, mai ba jirage umarnin sauka da tashi, hutu ya ɗauka ya ja tawagar. A Afirka ta Kudu suka riƙe masu masaukin baƙi babu ci a wasan buɗe gasa, suka yi 1-1 da Maroko, suka ci Angola 2-1, sai Ghana ce ta fitar da su a kwata fainal da ƙwallaye biyun Mubarak Wakaso.

Akwai kuma abin da har yau yake ba ni tausayi. A Satumban 2013 sun je har Tunisiya sun ci 2-0, sun zo na ɗaya a rukuninsu na neman kofin duniya na 2014. Sai FIFA ta ƙwace wasan ta ba Tunisiya, saboda sun sa Fernando Varela bai gama wa'adin dakatarwar da aka yi masa ba. A ofis suka faɗi. Wanda ya kai bakin ƙofa shekara 12 da suka wuce, ba a ce masa ɗan sa'a ranar da ya shiga.

Sadiƙu: Na karɓi wannan, Hajiya. Amma dai ai Kamarun nan ta yi musu 4-1 a 2024.

Hajiya Rabi: Ta yi, kuma shi ne kaɗai wasan da aka ci su cikin 10. Sun rama 1-0 a Praia a Satumban 2025, suka gama da maki 23, Kamaru 19.

Baba Ɗanjuma: Ku ba ni wuri in sa baki, don kalmar aro da Habibu ya kawo ce ta tsaya mini a rai. Habibu, ka san yadda iyayen yaran nan suka je Rotterdam? Ƙasar tsibirai 10 ce a cikin teku, yamma da Senegal, ruwan sama ba ya zama. Fari da yunwa sun sha halaka mutane a can, na shekarun 1940 ya ci dubun dubatar rayuka tun ƙasar tana hannun Fotugal, don sai 1975 suka samu 'yanci. Mazansu suka bi jiragen ruwa neman abinci: na farko suka bi masu farautar manyan kifaye zuwa New Bedford a Amurka, na baya suka zama ma'aikatan jirgi a tashar Rotterdam, wasu Lisbon, wasu Faransa, wasu Dakar. Har ta kai 'yan ƙasar da ke waje sun fi na gida yawa, kuma kuɗin da suke aikowa yana cikin abin da ke riƙe gidaje da dama.

Ni ina da 'yan uwa a Zangon Kumasi, kakansu ne ya tafi fataucin goro. Ranar da jikansa ya zo mana biki ba wanda ya ce masa baƙo. Ɗan da yunwa ta kori ubansa, in ya dawo ya ɗauki tutar uban, gida ya dawo.

Malam Habibu: Allah ya ƙara girma, Baba. Ban ce su ba 'yan ƙasa ba ne, ban kuma raina wahalar iyayensu ba. Tambayata a kan wanda ya koya musu ƙwallo ce. Makarantun ƙwallon Holan da Fotugal da Faransa ne suka raine su. A gida fa? Kowane tsibiri yana gasarsa, zakarun su haɗu a gasar ƙasa, su Mindelense da Sporting Praia, amma ba gasar da mutum zai ci abinci da ita ba ce. Kusan duk tawagar a waje take wasa. Filin da suka yi murnar a ciki ma, mai cin mutum 15,000, China ce ta gina. Sannan ku tuna, wannan tawagar dai ta kasa samun gurbin kofin Afirka na 2025, ita ce ta ƙarshe a rukunin da Botswana ta fito. Gini mai tushe ba ya rawa haka.

Ibro na Maraɗi: Malam Habibu, a juya lissafin mu gani, wa ya ci bashin wa? Nani da ya yi Manchester United jinin Cape Verde ne, Fotugal ya yi wa wasa. Henrik Larsson mahaifinsa ɗan can ne, Sweden ta more shi. Patrick Vieira ta wajen mahaifiya, Faransa. Gelson Martins a Praia aka haife shi, Fotugal ta ɗauke. Gelson Fernandes ma haihuwar Praia ne, shi ya ci wa Switzerland ƙwallon da ta doke Sifaniya 1-0 a kofin duniya na 2010. Shekara da shekaru Turai tana yaɗe man, tana bar musu tsala. Da abin da aka bar musu suka doke Ghana 2-1 a kofin Afirka a Abidjan a 2024, suka yi 2-2 da Masar, suka kai kwata fainal, inda sai da Ronwen Williams ya tare fenariti huɗu kafin Afirka ta Kudu ta tsira.

Nura: Kuma Malam, da 'yan waje kaɗai ke ba da tikiti, ai da muna ciki. Lookman da Ola Aina haihuwar Landan ne, Troost-Ekong haihuwar Holan, Calvin Bassey haihuwar Italiya. Kowannensu ya fi yawancin 'yan Cape Verde suna. Duk da haka Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da mu daga neman gurbin a bugun fenariti a Rabat. Tara yaran da suka tashi a ƙasashe daban-daban, wani na jin Holanci wani Faransanci, a mayar da su tsintsiya ɗaya, aiki ne, kuma hukumarsu da Bubista ne suka yi shi. A kan haka CAF ta ba shi kyautar gwarzon koci na 2025.

Hajiya Rabi: Malam Habibu, shi Lopes ɗin da ka ambata, tun 2019 yake zuwa musu, ya buga kofin Afirka biyu. Wanda aka aro ba ya zama haka.

Malam Habibu: To, na janye kalmar aro, saboda maganar Baba da ta Ibro. Na kuma yarda haɗa kan tawagar aikinsu ne. Inda ban motsa ba shi ne nan: Mendes da Vozinha da Stopira duk sun haura shekara 35. Ranar da suka ajiye takalmi, ina so in ga wa tsibiran za su fitar ya gaje su. In kuɗin da FIFA za ta ba su na zuwa gasar bai shiga filaye da gasar matasa a tsibiran Santiago da São Vicente ba, zan dawo da maganata.

Sadiƙu: Malam, kafin nan akwai Sifaniya da Uruguay da Saudiyya a rukuninsu. Ni wasan Saudiyya na sa wa ido, a nan nake ganin za su iya samun maki uku.

Baba Ɗanjuma: Allah ya kai mu. Nura, in ranar wasansu da Sifaniya ta zo ka biyo ka ɗauke ni zuwa gidan kallo, da ni za a yi.