Neman shawara: koyar da gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka da littafin zane

Malamar Tarihi: Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ɗalibaina 40 ne a SS2, zan koya musu yadda baƙaƙen fata suka nemi 'yancinsu a Amurka. Na samu kwafi 8 na littafin zane March, wanda John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin gwagwarmayar, ya ba da tarihin rayuwarsa a ciki. Sati huɗu gare ni. Ta ina zan fara?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam Malama. Littafin kashi uku ne, sun fito 2013, 2015 da 2016. Ki tsaya a kashi na ɗaya, shi kaɗai zai cinye sati huɗun. Abin da ke rikita yara shi ne labarin ba ya tafiya a jere: ya buɗe da tattakin neman 'yancin zaɓe a gadar Edmund Pettus da ke garin Selma a 1965, ya tsallaka ranar rantsar da Obama a 2009, sannan ya koma ƙuruciyar Lewis a Alabama yana yi wa kaji wa'azi. Don haka kafin su buɗe shi, ja layi a allo ki jera 1955 (kisan Emmett Till, wani yaro baƙar fata, da fara ƙaurace wa bas a Montgomery), 1960 (zaman dirshan a Nashville), 1965 (Selma). Duk shafin da suka karanta, ɗalibi ɗaya ya tashi ya nuna shekararsa.

Amsa ta 2: Ki raba su biyar-biyar, kwafi ɗaya kowane rukuni, shafi 10 zuwa 12 a darasi. Matsalar ita ce za su bi rubutun a guje, su gama a minti biyar, zanen kuwa ko kallo bai samu ba. Ki sa su rufe rubutun da takarda, su faɗi wa ke zaune, wa ke tsaye a kansa, ina mai zanen ya cika baƙin tawada. Ki daɗe a wurin da Jim Lawson ke horar da ɗalibai su jure zagi da duka ba tare da ramawa ba, domin nan yara ke gane cewa haƙurin nan shiri ne aka yi masa. Akwai kalmar zagin launin fata a ciki. Ki yi musu bayaninta tun farko, ki hana furta ta.

Amsa ta 3: Malama, kada ki sa su kwaikwayi dukan a aji, wasa zai koma. Kuma tunda littafin abin da mutum ɗaya ya tuna ne, ki kawo hotunan gaske na zaman dirshan ɗin su gwada da zanen, ki ba rukuni ɗaya aikin bin sawun Diane Nash, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka jagoranci zaman dirshan ɗin, a shafukan.