Likita ya ce a sa wa Baba na'ura a zuciya, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubutu ne daga Ƙofar Kaura, cikin Katsina. Mahaifinmu mai walda ne, shekararsa 63, kuma ya daɗe da hawan jini. Tun bara ƙafafunsa ke kumbura, ga haki. Daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu, da dare kuwa sai an jera masa matashin kai uku. Yana shan Lasix, maganin rage ruwa a jiki, da sauran magungunan da aka rubuta masa, bai taɓa fashi ba. Da aka yi masa hoton zuciya, likita ya ce ƙarfin bugunta ya sauka zuwa kashi 25, kuma ɓangarorinta biyu ba sa bugawa tare. Ya ce a kai shi a sa masa na'ura mai waya uku. Baba ya ce shi ba za a tsaga masa ƙirji ba, kawunmu kuma ya ce a koma maganin gida. Ni ce babba, kowa ni yake kallo. Wanda ya san abin nan, don Allah ya taimaka mini.

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ki fara kwantar masa da hankali: yawanci ba a buɗe ƙirji. Ƙaramin yanka ake yi ƙasa da ƙashin wuya, galibi ta hagu, da allurar kashe zafin wurin, yana farke ko yana ɗan gyangyaɗi. Ta jijiyar jini ake zura wayoyin. Ɗaya ta zauna a ɗakin zuciya na sama ta dama, ɗaya a ɗakin ƙasa na dama. Ta ukun ita ce mai wuyar sha'ani, don sai an bi da ita ta wata jijiya da ke zagaye bayan zuciya kafin ta kai gefen hagu. Batirin sai a ɓoye shi ƙarƙashin fata.

Kin ga mata biyu suna daka a turmi ɗaya? In taɓarensu suka saɓa, ga gumi ga gajiya, hatsi bai daku ba. Haka zuciyar Baba take. Aikin na'urar ta daidaita bugun. Lafiyayyar zuciya tana tura sama da kashi 50 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, kuma ana fara maganar wannan aiki ne idan ta sauka zuwa 35 ko ƙasa, bayan an sha magani yadda ya kamata wata uku ko fiye.

Amsa daga wani ɗan'uwa a Daura:
Yaya, an yi wa mahaifiyata, kuma gaskiya zan faɗa miki, ba a samu yadda ake so ba tun farko. Wayar hagu ta ƙi shiga jijiyar, aka dawo wata rana aka yi mata ƙaramar tiyata ta tsakanin haƙarƙari, aka ɗinka wayar a bayan zuciyar. Wannan kam sai da aka sa ta barci. Bayan nan ta yi ta fama da wani abu kamar shaƙuwa, cikinta na zillo. Mun tsorata ƙwarai. Ashe wutar na'urar ce ke taɓa wata jijiyar numfashi, likita ya gyara saitin da kwamfuta daga waje, ko allura ba a yi mata ba. Yanzu tana shara, tana zuwa biki. Amma kuɗi fa miliyoyi ne, ku zauna da dangi tun yanzu.

Ma'aikaciyar jinyar ta ƙara da cewa:
Na gode da ka faɗi wannan. Kada kuma a ɓoye wa Baba cewa kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya samun sauƙin da ake fata. Shi ya sa ki tambayi likitan faɗin QRS a takardar ECG, wato gwajin wutar zuciya. QRS shi ne lokacin da wutar ke ɗauka ta ratsa ɗakunan ƙasa na zuciya. In ya kai milisakan 150, kuma layin wutar zuciya na hagu ne ya toshe, irinsu suka fi amfana. Ki tambaya ko mai bugun ceto za a sa, wato wadda ke sakin wuta ta dawo da zuciya daidai in bugunta ya yi mummunan rikicewa, ko wadda ba ta da shi, da kuma inda za a riƙa duba ta bayan kun dawo, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina ko sai Kano. Magani ba a daina shi, na'urar ƙari ce a kansa.

Amsa daga wani dattijo:
'Yata, maganar salla fa? Mutum zai iya ruku'u da sujada da ƙarfe a ƙirji?

Ma'aikaciyar jinya:
Zai iya, Baba. Mako huɗu zuwa shida na farko ne kawai ba a son ya ɗaga hannun wannan gefen sama da kafaɗa ko ya ɗauki kaya, kada waya ta goce. Wayar salula kuma kada ya sa ta a aljihun gaban riga. Abin da ya fi damuna walda ce, don wutarta tana iya rikita na'urar. Lallai a faɗa wa likita sana'arsa kafin a yi komai. Maganin gida kuwa, a guji duk mai kanwa ko gishiri, ruwa yake tara masa a jiki.

Mai tambaya ta dawo:
Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba amsoshinku bayan la'asar. Ya yi shiru, can ya ce to shagon wa zai riƙe? Ƙanena ya ce shi zai riƙe, Baba ya zauna kan benci yana ba da umarni. Bai ce e ba tukuna, amma ya ce in nemo takardar ECG ɗin mu koma wurin likita ranar Litinin, kuma a tafi da kawu ya ji da kunnensa.